Jar Waya a Ramin A

Talata, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Likita ya ce mu bar shi ya huta. Na dawo gida na rasa abin da zan yi da hannuwana, sai na ɗauko littafin da nake rubuta lambobin injina, na juya shi ta baya.

Jiya da hantsi wuta ta ci Maigida. Dogo kowa yake ce masa a kamfanin ƙanƙarar da muke aiki, ni dai bakina bai taɓa iya faɗa ba. Shi ya koya mini aikin wuta, kuma shi ke auren Yayata. Shekara ashirin da shida yana buɗe akwatunan wuta, ko tabo babu a hannunsa. Jiya ya buɗe akwatin injin sanyi na uku, ya ɗora tsinin wayoyin mita a kan layi biyu zai auna ƙarfin wuta, sai ko'ina ya yi fari fat. Ƙara ɗaya, kamar an saki ƙofar ƙarfe daga saman bene. Da na buɗe ido yana zaune a ƙasa, ya jingina da bango, rigarsa na hayaƙi, yana cewa, “Auta, kashe babban layi. Kashe babban layi.” Ko a wannan halin aikin yake tunani.

Ina tsaye a bayansa, taku uku. Ko gashin hannuna bai ƙone ba.

Shi kuwa fuska, wuya, hannun dama, duk sun ƙone. Ido kuwa sun ce sai kumburi ya sauka.

Warin yana cikin hancina har yanzu. Na yi wanka sau biyu.

Laraba, 4 ga wata, bayan azahar

Yaya ta tare ni a bakin ɗakin da aka kwantar da shi. Ta kama fuskata da hannu biyu tana juyawa, kamar lokacin da nake ƙarami in na faɗo daga keke. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, har yau a wurinta ni yaro ne, ko da furfura ta fara fito mini.

“Kai babu abin da ya same ka? Ka tabbata? To alhamdulillahi. Da ku biyu ne, da ina zan sa kaina?”

Ta zuba mini shayi daga fulas ɗin da ta kawo wa mijinta. Na riƙe kofin har ya huce.

Shi kuwa an naɗe shi, baki da hanci kawai ake gani. Da ya ji muryata sai ya ce, “Auta, zo ka ga yadda aka naɗe ni kamar sabon kwayil na cikin inji. Saura a zuba mini banish in yi ƙyalli.” Yaya ta yi dariya tana share hawaye da gefen mayafi. Ni ma na yi wani abu mai kama da dariya.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ban je aiki ba. Na ce kaina ke ciwo, kuma ba ƙarya na yi ba.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An turo wata injiniya daga babban ofis ta binciki abin da ya faru. Gajeriya ce, ba ta ɗaga murya, tana rubutu da fensir. Ta tara mu a shagon gyara, ni da manaja da mai sito da sauran masu aikin wuta biyu. Ta fito da mitar daga cikin leda ta ajiye a kan tebur.

Mitar shago ce, rawaya, wadda ke rataye a ƙusa kusa da ƙofa, kowa ya ɗauka. Gefenta ɗaya ya narke. Wayoyin suna jikinta yadda aka tsince ta. Tsinin jar wayar ya cinye saura rabi.

Manaja bai san aikin wuta ba, shi da lissafin buhunan ƙanƙara suka saba, don haka ta yi masa bayani a hankali. Ta nuna masa ramuka uku da ke ƙasan mitar. Baƙar waya kullum a na tsakiya take zama. Jar waya ce ke yawo. In ƙarfin wuta za ka auna, sai ta shiga ramin da aka rubuta V. In kuwa yawan wutar da inji ke sha za ka auna, sai ta koma ramin A. To a ramin A, in ji ta, mitar buɗaɗɗiyar hanya ce, wuta na shiga ta wannan waya ta fita ta waccan ba abin da zai tare ta. Duk wanda ya bar ja a ramin A ya ɗora tsini a kan layi biyu, daidai yake da wanda ya ɗauki guntun ƙarfe ya haɗa layukan da hannunsa.

Jar wayar tana ramin A. Kowa ya gani.

Manaja ya ce, “Amma ai ga maballin a kan V.”

Ta ce, “Maballi ba ya canza ramin da waya take.”

Sai ta tambaya wa ya yi aiki da mitar na ƙarshe kafin ranar Litinin. Kowa ya dubi ƙasa. Na ce, “Ranki ya daɗe, ta shago ce, kowa yana ɗauka.”

Gaskiya ne. Kowa yana ɗauka.

Asabar, 7 ga wata, da hantsi

Maigida yana da wasu maganganu da yake maimaitawa har mu gaji. Yau tun da na tashi suke zagaye a kaina, da muryarsa, har da tarin da yake yi a tsakiya.

Rami kafin maballi. Ka dubi inda waya ta shiga kafin ka dubi abin da ka murɗa.
Ka ja wayar tsakanin yatsunka daga kai har gindi. In ka ji tsagewa, ka yar. Ba a yi wa wayar mita salatif.
Yatsa ya tsaya bayan tudun robar nan, ba don ado aka yi shi ba.
Ka gwada mita a soket ɗin da ka san da wuta kafin ka yarda da ita.
Baƙa ka fara ɗorawa, ja ka fara cirewa.
In ka gama auna abin da inji ke sha, ka mayar da ja gidanta kafin ka yi numfashi na biyu.

Kafin ka yi numfashi na biyu. Mun sha kwaikwayonsa a bayan idonsa, mai sito har da ɗingishin da yake yi.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Matata ta soya kifi. Da warin mai ya shigo ɗaki sai na fita na tsaya a bakin titi har ta gama. Ta rufe nawa da faranti.

Litinin, 9 ga wata, lokacin hutun rana

Na koma aiki. An share ɗakin injina, an sa sabon akwati, amma baƙin yana nan a bango, ya yi sama kamar an watsa tawada. A ƙasa akwai wani wuri mai haske inda bayansa ya jingina. Ba na so in duba, kuma duk shigar da zan yi sai na duba.

An kawo sababbin mitoci, kowa da tasa. In ka sa waya a ramin A maballi yana kan V, sai su yi ta kuka, ƙit-ƙit-ƙit, har ka gyara. Wani daga cikin abokan aikina ya gwada tasa don ya ji kukan. Na bar shagon.

An aike ni in duba famfon ruwa. Aikin minti goma. Na dubi ramuka, na murɗa maballi, na ɗaga tsini, sai na sauke na sake duban ramuka. Sau bakwai. Mai gadi yana kallona. Daga ƙarshe na ce masa famfon lafiya lau, ban auna komai ba.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Injiniya ta buɗe bayan tsohuwar mitar yau, a gabanmu. A ciki akwai gurbin fiyus, wanda aikinsa shi ne in an yi kuskuren rami ya yanke wutar tun kafin ta zama gobara. Ta ce ba irin na gilashi ba ne, fari ne mai kauri, cike da yashi, don yashin ya shanye tartsatsin. Da yana nan, in ji ta, da ƙila ƙaramar ƙara kawai za a ji, Dogo ya yi tsaki ya nemi wata mitar.

Babu fiyus a gurbin. Ta sa ɗan hantsaki ta zaro wani abu baƙi, siriri kamar gashi. Silin wayar tagulla ne, an murɗa shi an haɗa bakin gurbin biyu.

Ta ɗaga shi a haske ta ce, “Wannan hannun wanda ya iya aiki ne. Dubi yadda aka murɗa shi tsaf.”

Ana jin injin sanyi na ɗaya yana gurnani ta bango.

Ta sa shi a ambulan, ta lasa, ta liƙe.

Laraba, 11 ga wata, da safe

Tsaf.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An buɗe masa ido. Na hagu yana gani. Na dama haske kawai, kamar ta bayan labule, kuma likita bai yi alkawarin komai ba. Yatsu biyu na hannun dama za a yi musu aiki.

Yaya ta fita karɓo magani, ta bar mu mu biyu. Ya juyo da lafiyayyen idon ya dube ni. Babu gira, babu gashin ido, fatar ta yi ja da fari. Ya ce abin da yake tunawa na ƙarshe shi ne batirin mitarsa ya mutu, yana jijjiga ta. Daga nan sai asibiti. Tsakanin nan babu komai, kamar an yanke da almakashi.

Sai ya yi mini tambaya ɗaya. Na ba shi amsa.

Ba zan rubuta ta ba.

Sai ya ce, “To. Ashe tsufa haka yake zuwa. Ba ya sallama.”

Juma'a, 13 ga wata, bayan la'asar

Matata ta same ni a tsakar gida zaune a kan tabarma da sabuwar mitar a cinyata. Ta tsaya a kaina ta ce, “Wai me kake yi haka tun ɗazu?”

Na ce ba komai, dubawa nake.

“Tun da na ɗora tukunya kake cire jar wayar nan daga wannan rami kana sa ta a wancan, kana cirewa kana mayarwa. Na kira ka sau uku. Har na sauke.”

Wallahi ban sani ba. A zatona yanzu na zauna.

Ta durƙusa ta karɓe mitar daga hannuna kamar mai karɓe wuƙa daga hannun jariri. Ta ce, “Baban yara, ko dai akwai abin da ba ka faɗa mini ba?” Na ce gajiya ce. Ta dube ni irin kallon da take yi wa mai kayan miya in ya ce ba ya cin riba.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ina jin ƙit-ƙit-ƙit a wuraren da babu mita. A cikin motar haya. A banɗaki. Jiya na juya a kasuwa ina neman inda yake fitowa, ashe wani ne ke danna wayarsa.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An liƙa takarda a allon sanarwa, ta wucin gadi, kafin rahoto ya fito. Ba a sa suna ba, amma an ce “babban ma'aikacin wuta bai duba wayoyin mitarsa ba kafin aiki.” Babban ma'aikacin wuta ɗaya ne a wurin nan.

Da rana na ji wani direban motar ƙanƙara yana ce wa abokinsa, wanda ke ƙoƙarin haɗa batir, “Kai, a hankali, kar ka yi mana irin ta Dogo.” Suka yi dariya. Ba da mugunta ba. Haka magana take shiga bakin mutane ta zauna.

Shekara ashirin da shida. Yanzu sunansa ya zama abin da ake faɗa wa mai garaje.

Manaja ya kira ni ofis ya ce in riƙe shagon kafin a ga yadda za a yi. Ya miƙo mini makullin. Har da na durowar Maigida a jiki, da ɗan zoben jar waya da ya ɗaura don ya riƙa gane shi.

Talata, 17 ga wata, da safe

Makullin yana aljihuna. Nauyinsa ya fi ƙarfin girmansa.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ya daina wasa. Yaya ta ce abinci sai ta yi da gaske yake cin cokali uku. Wani ya kai masa labarin takardar allo, ban san ko wane ne ba.

Ina zaune ya ce mata, “In an sallame ni, akwatin kayan aikina ki ba Auta. Ni na gama.”

Ta ce, “Haba Malam, wace irin magana ce wannan? Hannu ai zai warke.”

“Ba hannu ba ne. Mutumin da zai ɗauki mita da hannunsa, ya rataya ta da hannunsa, bai ga ja a ramin A ba, bai kamata a sake barinsa kusa da wuta ba. Yau ni na ƙone. Gobe wani zan ƙona. Da Auta ya matso taku biyu fa? Me zan ce miki?”

Yaya ta juyo ta dube ni, ta ce, “Ka ji shi ko? Kullum maganar kenan. Wai ya kusa kashe mini ƙane. Don Allah ka faɗa masa ba ka riƙe shi ba.”

Na ce, “Ban riƙe ka ba, Maigida.”

Na fita na yi amai a bayan ɗakin wanki na asibiti.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe shida na safe

Bari in rubuta. Takarda ce, ba ta da fuska.

Wata huɗu da suka wuce na yi kuskuren nan. Ni. A ƙaramin soket na ofishin manaja, ja tana ramin A, na ɗora. Aka ji ɗan “tas”, shi kenan. Fiyus ya mutu a madadina. Sito babu irinsa, sai an cika takarda, takardar kuma Maigida ke sa mata hannu, kuma zai tambaya yadda aka yi. Shekara goma sha tara ina bayansa, in tsaya a gabansa in ce na manta rami kafin maballi? Na zare sili ɗaya daga guntuwar waya na murɗa. Na ce zuwa jibi zan nemo fiyus da kaina. Mita ta ci gaba da aiki. Jibi ba ta zo ba.

Ranar Asabar kafin abin, ni na auna abin da fankar ɗakin sanyi take sha. An tashi aiki, mota na jira. Na naɗe wayoyin a jikin mitar yadda suke na rataye a ƙusa.

Ranar Litinin, da batirinsa ya mutu, ya ce, “Auta, miƙo mini ta shago.” Ni na ɗauko. Ni na murɗa maballi zuwa V. Ni na rataye ta a ƙofar akwatin, ta bayan kafaɗarsa, na miƙa masa tsinin biyu. Yana durƙushe, fitila a baki. Ya cire fitilar ya ce, “Ka duba?”

Na ce, “Na duba.”

Ban taɓa ganin ya yarda da idon wani a kan mita ba. Ranar ya yarda da nawa.

Tambayar da ya yi mini a asibiti ita ce, “Wa ya ɗauko mitar?” Na ce, “Kai ka ɗauko, Maigida.”

Alhamis ɗin dai, da rana

Na karanta abin da na rubuta. Na zaci zan ji sauƙi. Babu.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Injiniya tana ɗan ofishin da aka ba ta kusa da sito, tana haɗa takardunta, gobe za ta tafi. Na tsaya a ƙofa har ta ce, “Shigo mana, ko gadin ƙofar aka ba ka?”

Na faɗa mata duka, a tsaye. Ban san na iya magana mai tsawo haka ba. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta jawo wata takarda daga ƙasan fayil ta juyo mini da ita. Katin aikin ranar Asabar ne, na fankar ɗakin sanyi, da adadin da na auna, da sa hannuna.

“Tun ranar farko nake da shi,” in ji ta. “Na san wanda ya bar wayar. Fiyus ne ban sani ba, da maganar miƙawa. Kati ba ya faɗin wannan.”

Na ce to me ya sa ba ta kira ni ba.

“Da na kira ka, da abin da ke kan kati kawai za ka amsa.”

Ta ce rahoto zai canza, amma kar in zaci zai wanke Dogo tas. Wanda zai ɗora tsini shi ke da alhakin duba rami, ko uwarsa ce ta miƙo masa. Kamfani ma da nasa, mita ɗaya a ƙusa babu mai ita, fiyus babu a sito. Ni kuwa za a dakatar da ni, abin da zai biyo baya ba a hannunta yake ba.

Ina fita ta ce, “Shi ka faɗa masa?”

Na ce tukuna.

“Ni takarda zan gyara. Abin da ke cin mutumin nan ba a takarda yake ba.”

Na ajiye wa manaja makullinsa a kan tebur.

Asabar, 21 ga wata, bayan azahar

Na faɗa wa matata da safe. Ta zauna a bakin gado ta rufe baki da hannu. Da ta sauke sai ta ce, “Tashi ka sa riga. In ka bari rana ta yi, ba za ka je ba.” Ta raka ni har ƙofar asibiti ta tsaya a waje.

Na so in same shi shi kaɗai, amma Yaya tana nan tana yanka masa lemo. Na ce ina da magana. Na durƙusa a gaban gadon, ban zauna a kujera ba. Na fara daga soket ɗin ofishin manaja.

Da na kai wurin “na duba”, wuƙar ta tsaya a hannun Yaya. Da na kai wurin amsar da na ba shi, ta ajiye lemon a kan faranti a hankali.

Ta ce, “Kwana tara.”

Ban gane ba.

“Kwana tara yana kwance a nan yana cewa ya kusa kashe ka. Kana zaune a kujerar nan. Ina zuba maka shayi.” Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi ihu da ya fi mini. “Wutar ban ce komai ba, Auta, tsautsayi ne, kowa yana kuskure. Amma ka dubi idon mutumin nan, ɗaya ya rage masa, ka ce masa shi ne?”

Na dubi Maigida. Ya juya fuska bango. Ina ganin lafiyayyen hannunsa yana damƙe zanen gado yana saki.

Yaya ta buɗe ƙofa ta riƙe. Tun da nake ba ta taɓa nuna mini ƙofa ba.

Litinin, 23 ga wata, da hantsi

Takardar dakatarwa ta zo. Wata uku, sannan a zauna a kaina.

Laraba, 25 ga wata, da yamma

Na kira Yaya. Ta yi ta ringi har ta katse.

Juma'a, 27 ga wata, da rana

Mai sito ya biyo ta gida. Ya ce an cire takardar allo an sa wata, kuma an kawo fiyus kwali guda, an ce duk wanda nasa ya mutu ya zo ya karɓa ba tambaya. Ya ce an yi wa Maigida aikin yatsu, ɗaya zai lanƙwasu, ɗaya ba zai ƙara ba. Idon dama ya tafi.

Ya ce wai ya fara cin abinci. Har ya yi wa nas faɗa a kan wata soket da ke lilo a bango.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Rabona da kuka tun rasuwar mahaifiyarmu.

Lahadi, 29 ga wata

Shiru.

Laraba, 2 ga sabon wata, ƙarfe biyar na yamma

An sallame shi shekaranjiya. Yau da safe wayata ta yi ƙara, lambar Yaya. Ba gaisuwa. “Ya ce ka zo.” Ta kashe.

Ita ta buɗe mini. Na gaishe ta, ta amsa wa bango, ta koma kicin. Amma ba ta rufe ƙofar kicin ɗin ba.

Yana zaune a tsakar gida a kan kujerar roba, tawul a wuya, hannun dama a rataye. A gabansa an ajiye kwano da ruwan ɗumi, da sabulu, da reza sabuwa a takardarta. Gemunsa ya fito a gefen hagu da ƙarƙashin haɓa, fari-fari, a hargitse. A gefen dama babu abin da zai sake fitowa.

Na durƙusa zan fara magana, ya ɗaga hannu.

“Kar ka ba ni haƙuri, na ƙoshi. Ka saurara. Ban yafe maka ba tukuna, kar ka ɗauka. Ina dai ƙoƙari. Na fiyus ɗin da sauƙi, don na zauna na yi tunani, da ni mutum ne da ake iya kawo wa mataccen fiyus ba tare da an ji tsoro ba, da ka kawo. Wannan da nawa a ciki. Amsar da ka ba ni a asibiti ce ta tsaya mini a wuya.”

Na ce, “Na sani, Maigida.”

“Ba ka sani ba. Amma bari.” Ya nuna kwanon da haɓa. “Hagu ba ta iya ba, na gwada na yanke kaina. Yayarka kuma hannunta rawa yake in ta zo kusa da ƙunar. Wanzami ban son ya zo ya yi ta kallona yana salati. Ɗauki.”

Na ɗauki rezar. Hannuna yana kaɗawa har ana gani. Na ce masa ba zan iya ba, ya dubi hannuna.

Ya dube shi da idonsa ɗaya, ya daɗe. Sannan ya jingina, ya ɗaga haɓa, ya miƙo mini maƙogwaronsa, ya rufe ido.

“Sai ka jira ya tsaya,” in ji shi. “Ba inda za ni.”

Na tsaya riƙe da reza, ruwa yana hucewa a kwano. A kicin na ji Yaya ta daina motsi da tukwane.

Na fara daga ƙasan kunnen hagu.